FILIN MATA: Danshin Da Ke Maƙale Cikin Dutsen Daɓe

   

Tun da ruwa ya kankama bana wasiƙu uku suka zo wannan fili a kan magana guda. Ɗaya daga ƙasar Ɗambatta, ɗaya daga Bichi, ta ukun daga wani ƙauye na Dawakin Tofa. Kukansu duka ɗaya ne. An shimfiɗa musu dutse a tsakar ɗaki ko a baranda, irin gogaggen nan da a ke sayowa a Ƙofar Ruwa cikin birni. An yi murna, maƙwabta sun shigo kallo. Yanzu ga shi dutsen ya yi duhu wuri-wuri kamar an ɓarar da mai, a goge a goge ya ƙi fita. Wani farin gari kamar kanwa yana fitowa ta bakin haɗi. Ɗaki kuwa ko an turara shi da safe, kafin azahar warin laima ya komo. Ta Bichi amarya ce, watanta biyar a ɗaki. Ta ɗaga katifa ta tarar ƙasanta ya yi baƙi da fumfuna, ƙafar gado ta kumbura. Tana tambaya, ta sa a shafe dutsen da man sheƙi, ko kuwa ta sayi leda mai kauri ta rufe a huta?

Amarya, kada ki yi ko ɗaya. Ruwan nan hanyar fita ya ke nema. In kin rufe masa fuska ba ki kore shi ba, ɗaure shi kika yi cikin ɗakinki, zai kuwa bi bango ya hau.

Da can daɓe aikinmu ne, mu mata. In an gama sabon ɗaki sai a yi gayya. A kawo tsakuwa ko marmara a baza, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa da madaɓi suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta. Sa'an nan a jiƙa makuba, watau ɓawon ɗorawa, ko kuwa bagaruwa, a yayyafa a sake bugu. Tsofaffin da suka yi wannan aiki suna nan da ransu a ƙauyukanmu, ku tambaye su. Abin da ya sa na kawo zancen, wancan daɓe yana numfashi. Laimar da ya sha da damina, da iskar hunturu ta taso sai ya fitar da ita ta ko'ina, ba wanda ya sani. Kuma tsofaffi ba su yarda a shigar da kaya sai daɓe ya bushe sarai. Yau aikin ya bar hannunmu ya koma hannun birkila da mai tayil. Su yi, a biya su, su kama gabansu. Wadda za ta kwana a kai da jariri ba a tambayarta.

To, tun da haka ne, ya kamata mu san abin da a ke shimfiɗa mana. Tayil iri biyu ne. Akwai na tangaran wanda a ke gasawa a masana'anta, fuskarsa kamar ta faranti. Wannan ba ya shan ruwa ta fuska, sai dai ruwa ya kwanta ƙarƙashinsa ya riƙa leƙowa ta bakin haɗi. Akwai kuma dutse na ainihi, wanda aka fasa aka yanka aka goge. Mai ɗigo-ɗigon nan mai tauri shi a ke kira giranit. Fari ko toka-toka mai jijiya kuwa shi ne mabul. Akwai irinsa a ƙasarmu, a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo, ana kuma shigo da shi daga waje, kamar Italiya. Waɗansu su kan kira shi marmara, amma fa ba marmarar daɓenmu ja ba ce. A ƙauye ba kowa ke iya sayen cikakke ba. Abin da ya fi yawa shi ne gutsattsarin da ya ragu wurin masu yanka, a saya da sauƙin kuɗi a jera cikin siminti, a baranda ko bakin madafa ko wurin wanka. Da mai tsada da mai araha, halinsu da ruwa ɗaya ne.

Dutse, kome sulɓinsa, yana da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, wani ya fi wani. Ku dubi randa yadda ta ke gumi ba ta huje ba. Ku dubi lagwani yadda ya ke jawo kananzir daga gindin fitila ya kai shi sama ba mai tura shi. Haka siminti da dutse su ke jawo ruwa daga ƙasa. Duhun nan da ku ke gani ba dauɗa ba ce, jiƙa ce, kamar yadda zane ya kan ƙara duhu in ya jiƙe. Saboda haka yawan goge shi da ruwa ƙara masa ciwo ne. Farin garin kuwa gishirin ƙasa ne da na cikin siminti. Ruwa ya narkar da shi ya hau da shi, ruwa ya bi iska, gishiri ya tsaya. In ya tsaya a fuska da sauƙi. In aka toshe fuskar da man sheƙi ko fenti, sai ya taru ƙarƙashinta yana kumbura, har dutse ya fara ɓamɓarewa ɓawo-ɓawo. Wannan ba shi da gyara.

Kafin a yi zancen bushewa sai a san inda ruwan ya ke fitowa. Wadda ta kafa fanka ba ta tare hanyar ruwa ba, kamar mai ɗiban rijiya da kwando ce.

Mafi yawan ɗakunan amare ruwan gini ne ya ke damunsu. Buhun siminti guda, mai kilo 50, ya kan sha ruwa wajen jarka guda mai lita 25 wurin kwaɓi, birkilolinmu ma su kan ƙara don aiki ya yi laushi. Abin da siminti ke riƙewa ya ƙame da shi bai wuce wajen rabi ba. Sauran tilas ya fita ta iska. Magina a Ingila suna da wani ƙiyasi: daɓen siminti mai kaurin inci guda yana bukatar wajen wata guda kafin ya bushe, watau milimita guda kowace rana. Mai inci biyu ya kan kai wata biyu ko fiye, kankare mai kauri kuwa ya fi haka nisa. To, mu me mu ke yi? Saura mako biyu biki a ke zuba daɓe. Bayan kwana uku a ɗora dutse. Ran jere 'yan'uwa su zo su shimfiɗa leda da kafet daga bango zuwa bango, a jingina gado da kabad, a rufe taga don kada ƙura ta ɓata kwalla. Ina ruwan zai bi? An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a zancen ɗakin amarya kullum haka mu ke yi. Wannan iri kam da sauƙi, gama ruwan yana da iyaka. In an ba shi hanya zai fita, ba ya komowa.

Mai wuyar shi ne wanda ke zuwa daga waje. Ƙasarmu ta arewacin Kano cike ta ke da mutane, gona na dafe da gona, gida na tsakiyar gona. Tun 1965 wani Bature malamin Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya yi rubutu a kan yawan jama'ar kewayen Kano da yadda ba a barin ƙasa ta huta. Yau an ninka. Fili ya yi tsada, saboda haka a kan yi gini inda kakanni ba su yi ba: bakin fadama, ko kan tsohon kududdufi da aka cike da shara. Jigawa mai rairayi ta kan tsotse ruwa nan da nan, amma laka riƙewa ta ke yi. Masu zama kusa da fadamun Watari a Bagwai, ko na Tomas wajen Ɗambatta da Makoɗa, sun san yadda ruwan rijiya ke tasowa a ƙarshen damina. Wajen sulusin ruwan shekara a watan Agusta kaɗai ya ke sauka. In ba a sa leda ƙarƙashin daɓe ba ran da aka zuba shi, ba abin da zai tare wannan ruwa.

Amma kafin ki ɗora wa ƙasa laifi, ɗauki mayafinki ran da a ke ruwa ki zaga bayan ɗakinki, ko ki aiki yaro mai hankali. Dubi inda indararo ko bakin kwano ya ke zuba. Sau da yawa ya haƙa rami daidai gindin bango, ruwa ya kwana a ciki. Dubi rariya ko ta toshe. Dubi kunyar kuɓewa da ta masara da a kan ja har jikin katanga don ƙyashin taki guda na ƙasa: kowane kwarin kunya tafki ne ƙarami. Dubi tarin takin da a ke jinginawa a bango kafin a kai gona, da turken awaki. Fitsarin dabba gishiri gare shi, yana cikin abin da ke fitowa fari a ɗakinki. Dubi tsakar gida kuma. Shekara da shekaru ana zuba ƙasa ana cikewa, har ta fi tsakar ɗaki tudu. In akwai tankin burtsatse da famfo a gidan, a duba ko bututu na yoyo a ɓoye. Duk waɗannan maigida da yara za su iya gyarawa da fartanya da kwandon tsakuwa cikin yini guda. A cike ramin, a yi gangare ruwa ya bi ya bar bango, a ja kunya da turke baya kamar taki uku.

Saura namu na cikin ɗaki: gindin randa, alwalar asuba a bakin ƙofa, da shanya a ɗaki ran da hadari ya hana. Mai jego kuma a lura inda ruwan wankanta ya ke gangarawa, gama kwana arba'in ba kwana ɗaya ba ne.

Yanzu ga gwaji, ba ya cin ko sisi sai kuɗin salatif. Magina a Amurka ma da irinsa su ke gwada kankare. Ki sami farar leda wadda ba ta huje ba, ki yanka kamu guda tsawo kamu guda faɗi, watau inci 18. Ki share dutsen, ki shimfiɗa ta, ki manne gefe huɗu da salatif kada iska ta shiga. A bar ta awa 16 ko fiye, a ce daga la'asar zuwa hantsin gobe. Ki yi guda uku: ɗaya jikin bangon waje, ɗaya inda gado ya ke, ɗaya tsakiyar ɗaki. Da hantsi ki duba. In raɓa ta kwanta ƙarƙashin ledar, ko dutsen ya ƙara duhu, ruwa daga ƙasa ya ke fitowa. In kuwa a bisa ledar raɓar ta ke, ƙasanta a bushe, to, iskar ɗakin ce ta yi nauyi ta ke sauka kan dutse mai sanyi, kamar gumin kwalbar lemo. Wannan buɗe taga kaɗai ya ke so. In ta jikin bango ta jiƙe ta tsakiya ba ta jiƙe ba, koma bayan ɗaki, ɓarawon yana can. In duka uku sun jiƙe kuma daɓen sabo ne, ruwan gini ne. In duka uku sun jiƙe, daɓen ya shekara biyu ko uku, kuma kowace damina haka ya ke yi, ƙasa ce.

Daɗa ki sami alli ki zagaye bakin duhun. Kowace Jumma'a ki duba. Ido ya kan ruɗi mutum, alli ba ya ruɗi. In duhun na ja da baya daga zanen, kina kan hanya. In ya ƙetare zanen bayan an yi ruwa, akwai sauran ƙofar da ba a toshe ba. In kuwa rani da damina bai motsa ba, a nemi bututu.

Bushewar kanta ba wata dabara gare ta ba sai iska da haƙuri. A naɗe leda da kafet a fitar, a koma tabarma, wadda za a ɗauke da safe a shanya. Na san abin da za a ce, ɗakin amarya ba leda, me dangin miji za su faɗa? Su faɗa. A ɗora ƙafafun gado da na kabad bisa bulo ko guntun tayil, a janye su daga bango kamar tafin hannu biyu. Katifa kada ta kwana a ƙasa. Buhun hatsi ko na gyaɗa a fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya, gama fumfunar gyaɗa da ta masara guba gare ta mai cin hanta. In rana ta fito, daga hantsi zuwa la'asar, a buɗe ƙofa da taga tare don iska ta shiga nan ta fita can. In hadari ya taso, ko dare ya yi, a rufe, don iskar lokacin ta fi ta ɗaki laima. Mai fankar sola ta kwantar da kanta ta riƙa busa ƙasa. Shara da busasshiyar tsintsiya. In tilas a goge, a matse tsumma sarai. Farin garin nan a kankare shi a bushe da buroshi, a kwashe a zubar nesa. In kin wanke shi da ruwa, mayar da shi ciki kika yi, jibi ya sake fitowa. Inda duhu ya yi yawa, a sa mai tayil ya ƙwaƙule simintin bakin haɗi a 'yan wurare, ya bar su buɗe. Ta nan ruwa ya fi saurin fita.

Kada ki sa rai da yawa a watan Agusta. Da safe laimar iska ta kan wuce kashi 80 cikin 100, iskar da ta ƙoshi ba ta karɓar ƙari. Abin da ki ke yi yanzu tsaro ne, kada abu ya ƙaru. Mai aikin na gaskiya yana tafe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in iskar hunturu ta kankama, laimar ta kan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. A ƙasashen Turai inji su ke haya mai tsotse laima daga ɗaki, su biya kuɗin wuta. Mu Allah ya ba mu kyauta wata huɗu, sai mu toshe taga da tsumma saboda ƙura. A haƙura da ƙurar bana, a buɗe. Waɗanda ruwa ya taɓa shigar musu ɗaki, kamar a ambaliyar 2022 da ta 2024, su ma hanyar ke nan, bayan an kwashe laka an wanke sau ɗaya da sabulu.

Akwai abin da na ke roƙonku da girman Allah. Kada a kai kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa wai don daɓe ya bushe. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya ji ciwon kai da barci, ya kwanta, shi ke nan. Hayaƙin janareta ma haka ya ke, ya kashe mutane gida guda ba sau ɗaya ba a ƙasar nan. Risho kuwa ban da haɗari aikin banza ne: kowace lita ta kananzir da ta ƙone tana sakin ruwa wajen lita guda cikin iskar ɗaki. Zafin kasko kai tsaye bisa dutse kuma ya kan tsaga shi. Turaren wuta ba na hana ku, amma wari ya ke rufewa, ba ya busar da kome. Toka ma kada a baza, gama toka da ruwa kanwa ce, ƙarin gishiri ke nan.

Kada wata ta ce ai zancen ado ne. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora a kan laima da fumfuna cikin gidaje. Ta nuna masu zama ɗaki mai danshi sun fi kamuwa da tari da shessheƙa da ciwon asma. Mu kan ce yaro sanyi ya kama shi, a yi ta jiƙe-jiƙe, alhali abin na ƙarƙashin katifarsa. In yaro na tari da dare ba ya jin magani, a kai shi asibiti, a kuma sauya masa ɗaki har wannan ya bushe. Fumfunar bango da ta katako a goge ta da ruwan sabulu, taga a buɗe, hanci a ɗaure, yara na waje. Mai sa bilic kada ta kuskura ta gauraya shi da ruwan wanke masai, hayaƙinsu na ƙona huhu. Katifar soso in baƙin ya shige cikinta, rana ba ta fitar da shi duka. Kada a kwantar da jariri a kai.

Masu mabul, ga naku. Mabul ɗan'uwan farar ƙasa ne, tsami na cinsa. Lemon tsami, ruwan tsamiya, ruwan wanke masai, da asid ɗin nan da masu tayil ke zubawa don cire siminti, duk suna kashe masa ƙyalli nan take. Giranit ya fi jurewa. Har wa yau wani farin mabul yana da ɗan ƙarfe a jikinsa. In ya daɗe a jiƙe sai ya yi tsatsa daga ciki, ya koma rawaya-rawaya. Duhun jiƙa zai tafi in ya bushe, amma rawayar nan sau da yawa ta zauna ke nan. Kada mai sayar da magani a kwalba ya ci kuɗinku.

In Maris ya zo, a sake gwajin leda. In ta fito a bushe wuri uku, a cike bakin haɗin da aka ƙwaƙule, a mai da kaya. Mai son shafa wa dutsen maganin tare ruwa, sai yanzu, kuma ta nemi irin wanda ke shiga jikin dutse ya bar shi yana numfashi, ba mai kwanciya bisa kamar fenti ba. In kuwa an ci rani guda cur leda na nan tana raɓa, ko an ƙwanƙwasa dutse da gindin cokali an ji yana amsawa kamar ganga, to, ba makawa sai an ɓamɓare. A ɗaga dutsen a hankali, yawancinsa zai sake amfani.

Wadda za a yi wa sabon ɗaki, ko mai shirin aurar da 'ya bayan kaka, ta karanta wa Malam wannan. Tsakar ɗaki ta fi tsakar gida tudu da inci 6 ko fiye. A shimfiɗa leda mai kauri ta gini bisa cikon ƙasa kafin a zuba kankare, bakin wannan ya hau kan bakin waccan kamar tafin hannu biyu, gefenta ya ɗan hau bango. Wani birkila ya kan ce ba ta da amfani don ya huta, ko a karɓi kuɗinta ba a sa ba. A tsaya a gani da ido, gama in kankare ya rufe ba mai sake gani. Kuɗinta bai kai na katifa guda ba. A zuba daɓe da farkon rani, a ba shi watanninsa, sa'an nan a ɗora dutse, a bar bakin haɗi buɗe 'yan kwanaki kafin a cike.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙun da suka zo a kan ajiyar wake ba tare da maganin ƙwari ba. Ku huta lafiya.